Inji Na Uku da Ranar Baikona

Masu karatu, idan labarin yau ya zo muku a hargitse ku yi mini afuwa, ni kaina a hargitsen nake. Ranar Laraba, saura kwana huɗu dangin Mas Pandu su zo gidanmu baiko. Kowace budurwa a garin Ungaran da tana can tana faɗa da tela a kan wuyan riga. Ni kuwa Laras ina tsugune a bayan inji na uku, hular raga a kan hijabina, ƙurar citta na sa ni atishawa, ina kallon wata lamba da ke neman raba ni da aure.

Hamsin da huɗu.

Bari in koma baya kaɗan. Masana'antarmu garin citta da sukari take ɗurawa a 'yan ledoji, irin wanda ake juyewa a ruwan zafi. Wata biyar ke nan da ɗaukata, kuma har yanzu ina cikin watannin gwaji. Aikina shi ne in auna ko injuna suna yin aikin da ya kamata su yi. Tambaya uku ce kawai: awa nawa inji ya yi yana juyawa, da wane gudu, kuma leda nawa ce ta fito lafiya ba ta fashe ba. In ka haɗa amsoshin sai su ba ka kashi kaza cikin ɗari.

Shekara goma sha ɗaya inji na uku yana kawo tamanin da biyar a takarda. Hoton shugaban layin injin yana nan rataye a bakin ɗakin cin abinci, yana murmushi da kofin yabo a hannu. Sunansa Pak Sumarno. Shi ne mahaifin Mas Pandu. A wurinmu Pak da Bu ake sa wa manya maza da mata a gaban suna don girmamawa, Mas da Mbak kuma kamar a ce Yaya ne.

Manajarmu Bu Lidya ce ta tayar da maganar. Mace ce 'yar siririya mai gajeren gashi, ba ta ɗaga murya, kuma wallahi gara ta ɗaga.

"Laras, kowane layi yana ce mini tamanin da biyar," ta ce da ni makonni biyu da suka wuce. "To ina cittar tawa? Motoci na jira a waje, ma'aikata na ƙarin lokaci har Asabar, manya daga Jakarta na kirana safe da yamma. Na gaji da takardar da ake cikawa da biro. Ki sa wa na uku na'urar ƙirge. Ranar Juma'a ta sama ina son lambar gaskiya."

Aka sa na'urar, 'yar ƙarama mai jan ido, tana ƙirga duk ledar da ta wuce da duk tsayawar da inji ya yi. Kun san wa ya ja mata waya? Mas Pandu, domin shi ne mai gyaran lantarkin masana'antar. Har yana zolayata a lokacin wai yau ya zama yaron amaryarsa.

Kwana goma tana ƙirge, sai ta kawo mini hamsin da huɗu. Na ce ƙarya take. Na sake lissafi sau uku. Daga nan na zagaya bayan injin, na ga wata tsohuwar takardar addu'a manne a jikin ƙarfen. Na ɗan ɗaga gefenta da farce, sai ga rubutun waɗanda suka ƙera shi: leda ɗari da ashirin a minti. A takardarmu kuwa, tun kafin in gama firamare, casa'in ake rubutawa a matsayin iyakar gudunsa.

"Amarya! Kin zo auna surukinki ne?"

Mbak Tumini ce, babbar mata shida da ke jera ledoji a kwali a ƙarshen layin. Sauran suka kwashe da dariya, hannuwansu ba su daina aiki ba.

"Ki auna a hankali dai," wata ta ce, "kada ki auna kayan baikon su koma gida."

Na yi yaƙe. Ana tashi hutun azahar na samu Pak Sumarno yana goge haƙoran injin, wurin da ke liƙe bakin leda, da wani ɗan ƙyalle. Na sunkuya na kai hannunsa goshina kamar yadda na saba.

"Nduk, kin ci abinci?" Haka yake kirana, 'yata, tun ranar da Pandu ya fara kai ni gidansu.

"Na ci, Pak." Ban ci ba. "Pak, na'urar nan... ta ce injin yana tsayawa sau talatin da wani abu a aikin safe kaɗai."

"Ta yi gaskiya."

"Amma a takarda babu ko ɗaya."

"Dokar kamfani ta ce tsayawar da ba ta kai minti biyar ba, ba a rubutawa. Tawa minti uku ce." Ya ɗaga ƙyallen ya nuna mini, ya yi danƙo da narkakken sukari. "Garinmu da laima. Sukari na narkewa a haƙoran nan. Ina jin muryar injin ta canza, sai in tsayar in goge. In na bari ya cije da kansa, awa biyu ne, da leda dubu a shara."

"Gudun fa, Pak? An rubuta ɗari da ashirin."

Ya daina gugar. Ya dubi takardar addu'ar da na ɗaga wa gefe, ya sa babban yatsa ya mayar da ita ya danne.

"Na taɓa sa shi ɗari da ashirin. Mako ɗaya. Hannun mutum ba ya kamo wannan gudun, Nduk. Ledoji suka yi ta zuba a ƙasa, Tumini tana kuka tana tsinta. Manajan wancan lokacin ya ce to a sayo injin da ke jerawa da kansa, a sallami matan. Sai na ce masa injin ne ya tsufa, casa'in ce iyakarsa. Ya rubuta casa'in." Ya yi ɗan murmushi. "Injin bai yi gardama ba."

Na kawar da kai. Domin na san abin da shi bai sani ba: Bu Lidya ta faɗa mini duk layin da ya gaza sittin, za a cire shugabansa, a kawo sabon tsari. Shi kuma saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya da mutuncinsa.

"Me zan rubuta, Pak?"

"Ki rubuta abin da kika gani."

Ya faɗa da fara'a, har da ɗan rusunawa. Ku da kuka san manyanmu, ku gaya mini: izini ne wannan, ko gargaɗi? Na juya maganar a kaina har aka tashi aiki, ban gano ba.

Ina isa gida na tarar da falonmu ya koma shagon tela. Rigar kebaya mai ruwan ƙasa-ƙasa tana rataye a jikin ƙofa, an ɗinke mata hannu ɗaya, ɗayan da allurai. Zanen batik na kan kujera, an jera kwalaben cincin a ƙarƙashin talabijin, an aro kujerun roba ashirin daga masallacin unguwa. Ibu, mahaifiyata, tana kicin tana soya tempe, irin awarar waken suyan nan tamu, ko juyowa ba ta yi ba.

"Wai ke ce za ki kori baban mijinki daga aiki?"

Jakata ta kusa faɗuwa. "Ibu, wa ya ce miki?"

"Tumini ta gaya wa mai kayan miya, mai kayan miya ta gaya wa uwar Pandu, uwar Pandu ta kira ni tana tambayata ko ruwan sama ya shigo mana ɗaki. Rabin awa muna zancen ruwan sama! Kin san me hakan ke nufi?"

"Ba ni na ƙirƙiro lambar ba, inji ne..."

"Inji ne zai aure ki?" Ta juyo da matsamin suya a hannu. "Shekara uku ina biya miki makaranta don ki zauna a ofis mai sanyi, ban tura ki ki koyo leƙen bayan injin mutane ba. Lamba fa lamba ce, Laras. Ki ɗan gyara mata zama. Wa zai mutu?"

"In aka gane, ni za a kora, Ibu. Kuma ba masana'antar da za ta sake ɗaukata daga nan har birnin Semarang."

"In aka fasa baikon nan fa? Tsohon da ya lissafa ranakun haihuwarku ya ce Lahadin nan ce ta dace da ku, in ta wuce sai bayan wata bakwai. Kina ganin mutanen da kika kunyata za su dawo bayan wata bakwai ɗauke da tiren kayan baiko?" Ta ajiye matsamin. "Babanki ba ya raye. Ni kaɗai zan zauna a gaban mutanen nan. Da wane ido?"

Na shige ɗaki na kwanta da kayan aikina. Wayata ta yi ƙara.

*Dik, kin isa gida?* Mas Pandu ne. Dik yake ce mini, ƙanwata.

*Na isa.*

*Baba bai ci abinci ba. Yana zaune a baranda yana kallon kejin tsuntsunsa.*

*Mas, me kake so in yi?*

Na ga alamar yana rubutu. Ya daina. Ya sake farawa. Ya daina. A ƙarshe abin da ya shigo shi ne: *Gobe zan zo in ɗauke ki.*

Ranar Alhamis da sassafe ya zo da babur ɗinsa, sanye da shuɗiyar rigar aiki, ya miƙo mini hular kwano ba tare da zolayar da ya saba ba. Masu karatu, kada ku ɗauka wani ne ya haɗa ni da shi. Ni na gan shi na ce ina so. Mutum ne da zai tsaya a tsakiyar titi don ya kawar da kyanwa. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Ruwa ya tare mu a hanya, muka fake a rumfar mai shayi. Ya sayo mana kofi biyu, ya zauna yana juya nasa.

"Dik, ba ƙarya nake so ki yi ba."

"To me?"

"Ki auna shi da ma'aunin da aka saba. Casa'in. Tsayawar da ba ta kai minti biyar ba ki bar ta, ai dokar kamfani ce, ba Baba ya kafa ta ba. Sauran layukan ma haka suke yi. Don me sai shi za a fara yankawa?"

"Don nasa aka ce in auna."

"Wata goma sha huɗu fa kawai. In ya sauka, ki rubuta ashirin ma in kin ga dama."

"Mas, zan rubuta hamsin da huɗu, amma zan rubuta dalili. Zan ce laima ce, zan ce a sa na'urar busar da iska a ɗakin, zan ce a ƙara mata biyu a ƙarshen layi maimakon a kori shida. Zan nuna musu gugar da Pak ke yi ita ke hana injin cijewa. Zan..."

Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Kin taɓa ganin mutumin Jakarta ya karanta shafi na biyu?"

Ban taɓa gani ba kuwa.

"Uwata ta riga ta jiƙa shinkafar wainar baiko," ya ce a hankali. "Jiya ta tambaye ni ko ta bar ta a jiƙe ko ta zubar. Ban san me zan ce mata ba."

Duk ranar nan na yi ta ne a gaban kwamfuta. Na rubuta shafi huɗu na bayani, na goge, na sake. Na bar lambar yadda take. Ƙarfe huɗu da rabi na kashe komai na hau motar haya, ban jira Pandu ba. A gida Ibu ta sa ni gwada rigar. Ta yi mini kyau, wallahi ta yi mini kyau, har na tsani madubin. Ibu tana cire allurai daga bakinta tana kafawa.

Juma'a, ƙarfe takwas saura kwata, na kunna kwamfutar ofis don in buga rahoton.

Tamanin da huɗu.

Na murje idona. Na rufe na sake buɗewa. Tamanin da huɗu. Na shiga wurin saitin na'urar. An mayar da iyakar gudu casa'in. An umarce ta ta manta da duk tsayawar da ba ta kai minti biyar ba. A ƙasa, inda take nuna wanda ya taɓa ta, an rubuta: Laras, Alhamis, biyar da minti arba'in na yamma. Lokacin ina tsaye a falonmu da allurai a hammata.

Mutum ɗaya ne ya san lambar sirrina. Ni na ba shi da bakina ranar da muke haɗa na'urar, don hannuna ya yi maiƙo na ce ya shigar mini.

Saƙon Mas Pandu ya shigo kamar yana kallona.

*Na gyara, Dik. Ba ke kika yi ba, don haka ba ki yi ƙarya ba. Ki yi shiru kawai. Baba bai sani ba, kada ki gaya masa.*

Kafin in iya mayar da saitin, sakatariya ta leƙo. "Mbak Laras, Bu Lidya na jira. Ta ce ba sai kin buga komai ba, ta riga ta buɗe a babban allo."

Na hau matakala zuwa ɗakin taro.

Mu uku ne a ɗakin taron. Bu Lidya a kan tebur, da wayarta da wata 'yar takarda a gabanta. Pak Sumarno ya sa rigar batik mai dogon hannu, wadda yake zuwa ɗaurin aure da ita, ya zauna a miƙe kamar mai jiran hukunci. A bango, lambar ta cika allo. Na ga ya dube ta, ya dube ni, girarsa ta haɗe.

"Zauna, Laras," Bu Lidya ta ce. "Tamanin da huɗu. Madalla. Ashe ni ce mai mugun zato."

Na ja kujera na zauna.

"Sai dai ina da 'yar damuwa." Ta tura takardar gabana da yatsa ɗaya. Layuka ne na biro, biyar-biyar, irin ƙirgen 'yan makaranta. "Jiya da safe na tsaya a tagar nan, daga bakwai zuwa goma. Ina ganin fitilar inji na uku daga nan. Sau goma sha huɗu ta koma ja. Na'urarki ta ce sau ɗaya. Ko idona ne ya lalace, ko na'urar da na sa hannu aka sayo, ko kuma yarinyar da na ɗauka aiki. Wanne ne?"

Na ji ƙarar injunan a ƙasa. Na tuna Ibu da kujerun aro. Na yi niyyar in ce na'urar ce ta samu matsala, wallahi na yi niyya, har na shirya kalmomin. Amma da na buɗe baki wani abu daban ya fito.

"Hamsin da huɗu ne, Bu."

Pak Sumarno ya lumshe ido, ya gyaɗa kai sau ɗaya.

"Na gode," ta ce. "To me ya sa allona ke cewa tamanin da huɗu, da sunanki a ƙasa?"

"Ba ni na canza ba."

"Kin tabbata? Domin wanda ya taɓa ma'aunin kamfani a ɓoye, ba gargaɗi zan ba shi ba. Yau zai ajiye katinsa a bakin ƙofa, kuma zan rubuta dalili a takardar sallamarsa. In ke ce, faɗa mini yanzu. In ba ke ba ce, akwai wanda kika ba lambar sirrinki. Ina son sunansa."

Sai Pak Sumarno ya yi gyaran murya. Ya ɗora tafukansa biyu a kan tebur.

"Bu, a ba ni izini. Ni na rage wa injin nan gudu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, kuma ni nake tsayar da shi in goge. In za a cire ni a kan haka, a cire ni, zan yi bayanina ga duk wanda ya tambaya. Amma yarinyar nan ta zo ta same ni ido da ido ta gaya mini abin da ta gani. Ba ta munafunce ni ba. Wanda ya lallaɓa bayan an tashi ya ɓata mata aiki, ya bar sunanta a wurin don ita ta ɗauki laifin, wannan ba taimakona ya yi ba. Ɓarawo ne, kuma matsoraci. Ba na son irinsa kusa da injina."

Ya juyo gare ni, fuskarsa cike da tausayi, irin kallon da rabona da shi tun rasuwar babana.

"Kada ki ji tsoron kowa, Nduk. Ina bayanki. Ko ɗan waye, faɗi sunansa."

Bu Lidya ta cire murfin bironta, ta ɗora bakinsa a kan takarda, ta ɗago tana jirana.